Agogo Mai Canja Launi: Dabarar Koya wa Ƙananan Yara Lokacin Tashi Daga Barci

Duk uwar da ta yi goyo ta san wannan matsala. Yaro ya kai shekara 2 ko 3, an yaye shi, yana tafiya da ƙafarsa. Zakara bai ko yi cara ba, sai ya buɗe ido. Ya fara taɓa fuskar uwa. Ya nemi ruwa, ya nemi koko, ya nemi a buɗe masa ƙofa. Uwa kuwa sai da dare ya raba ta kwanta, ga surfe da daka da ɗiban ruwa suna jiran ta da safe.

Wannan matsala ba a ƙasarmu kaɗai take ba. Iyaye a Ingila da Amurka su ma suna fama da ita. Can har wani irin agogo aka ƙera domin ta. A wannan wata za mu yi wa masu karatu bayanin wannan agogo, da dalilin ƙera shi, da yadda ake aiki da shi. Daga nan kuma mu duba abin da mutumin karkara zai ɗauka daga cikin dabarar, ko da bai taɓa ganin agogon ba.

MENE NE WANNAN AGOGO?

Agogo ne ƙarami, ana ajiye shi kusa da gadon yaro. Akwai fitila a cikinsa. Uwa ko uba su ne ke saita masa lokaci. Da dare fitilar tana ba da launi iri ɗaya. Idan lokacin da aka saita ya yi, sai launin ya canja da kansa. Ana koya wa yaro cewa launi na farko yana nufin "dare ne, koma ka kwanta". Launi na biyu kuma yana nufin "gari ya waye, kana iya tashi".

Akwai samfura da yawa. Wani ana kiran sa Groclock, daga Ingila ya fito. Da dare fuskarsa shuɗiya ce, da hoton taurari. Taurarin suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya yayin da dare ke tafiya. Da safe sai fuskar ta koma ruwan ɗorawa. Wani kuma ana kiran sa OK to Wake, ya yi suna a Amurka. Shi kore yake komawa idan lokacin tashi ya yi. Akwai kuma Hatch Rest, wanda iyaye ke saita shi da wayar hannu, su zaɓi launin da suke so.

Bambancinsa da agogon da muka sani shi ne, wannan ba ya tayar da mai barci. Agogo mai ƙararrawa aikinsa ya tashe ka. Wannan kuwa shiru yake. Idan yaro yana barci launi ya canja, sai ya ci gaba da barcinsa. Idan kuma ya farka da wuri, sai ya duba ya ga lokaci bai yi ba.

Me ya sa aka zaɓi launi? Domin yaro ɗan shekara 2 ko 3 bai san lamba ba. Ka ce masa ƙarfe 6, bai san abin da kake nufi ba. Amma yana ganin bambancin ja da kore tun kafin ya iya faɗin sunayensu. Mu ma da muka shiga ajin yaƙi da jahilci, mun san motar garinmu da fentinta tun kafin mu iya karanta rubutun da ke jikinta.

ME YA SA AKA ƘERA SHI A CAN?

Dalili na farko shi ne rana. A Kano, duk shekara rana tana fitowa ne tsakanin ƙarfe 6 da ƙarfe 7 na safe. Canjin kaɗan ne. A birnin Landan kuwa ba haka ba ne. A watan Yuni rana tana fitowa tun kafin ƙarfe 5 na asuba, ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare. A watan Disamba kuma sai ƙarfe 8 ta wuce kafin ta fito, kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi. Saboda haka yaron da ke can ba zai dogara da hasken gari ba. Wani lokaci gari ya yi haske amma kowa yana barci. Wani lokaci kuma duhu ne amma lokacin makaranta ya yi.

Dalili na biyu shi ne tsarin kwana. A gidaje da yawa a can, yaro yana da ɗakinsa shi kaɗai tun yana ƙarami. Idan ya farka, babu uwa a kusa da za ta dafa bayansa ta ce masa ya koma barci. Sai ya yi ta kira, ko ya sauko daga gado ya tafi ɗakin iyaye. Agogon ne ke tsaya musu a madadin bakin uwa.

Dalili na uku shi ne aiki. Iyaye da yawa, mata da maza, suna fita aikin albashi a kan ƙayyadadden lokaci. Rashin barcin awa ɗaya kullum yana taruwa ya zama gajiya mai yawa.

ME KE TAYAR DA YARO DA SASSAFE?

Masana sun gano cewa kowane ɗan Adam yana da agogo a cikin jikinsa. Wannan agogo yana zagayowa ne a cikin awa 24 ko kusa da haka. Shi ke sa mu ji barci da dare, mu farka da safe, ko babu wanda ya tashe mu. Dabbobi da tsirrai ma suna da shi. Shi ya sa kaji ke komawa akurki da almuru ba tare da an kora su ba. A shekarar 2017 an ba wasu masana uku na Amurka babbar kyautar nan ta Nobel saboda sun gano yadda wannan agogo ke aiki. Sunayensu Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young. Da wasu ƙananan ƙudaje masu bin 'ya'yan itace suka yi binciken.

Haske ne ke saita agogon jiki. Idan duhu ya yi, ƙwaƙwalwa tana fitar da wani sinadari da ake kira melatonin. Shi ke gaya wa jiki dare ya yi. Idan haske ya shiga ido, sai sinadarin ya ragu. Idon yara ya fi na manya jin haske. A shekarar 2018 masana a Jami'ar Kolorado ta Amurka sun ba da sakamakon wani gwaji da suka yi da yara 10 masu shekara 3 zuwa 5. Sun sa su cikin haske mai ƙarfi na awa ɗaya kafin kwanciya. Sai suka ga sinadarin ya ragu da kashi 88 cikin 100.

Wani abu kuma, barcin ƙarshen dare ya fi na farkon dare sauƙi. Da farkon dare yaro yana nauyin barci, ko an ɗauke shi ba ya farkawa. Da goshin asuba kuwa, ya riga ya biya yawancin bashin barcinsa. Abu kaɗan sai ya tashe shi: kukan jaki, sanyi, fitsari, cizon sauro, yunwa, ko motsin ƙofa. Da ya farka kuma, komawa tana yi masa wuya.

Saboda haka yaron da ke tashi da wuri ba rashin kunya yake yi ba. Jikinsa ne ya tashe shi, kuma ba shi da hanyar sanin ko lokaci ya yi ko bai yi ba.

AWA NAWA YA KAMATA YARO YA YI BARCI?

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a kan barcin yara 'yan ƙasa da shekara 5. Ga abin da ta ce, idan an haɗa barcin dare da na rana:

Daga haihuwa zuwa wata 3: awa 14 zuwa 17.
Daga wata 4 zuwa wata 11: awa 12 zuwa 16.
Shekara 1 zuwa 2: awa 11 zuwa 14.
Shekara 3 zuwa 4: awa 10 zuwa 13.

Yanzu sai mu yi lissafi, tun da mun koyi tarawa a aji.

A ce yarinya 'yar shekara 2 ta kwanta ƙarfe 7 na dare, ta farka ƙarfe 5 na asuba. Ta yi awa 10 ke nan. Da rana kuma ta yi barcin awa 2. Idan aka tara, awa 12 ne. Wannan yarinya barcinta ya cika. Babu agogon da zai sa ta ƙara barci. Idan ana so ta kai ƙarfe 6, sai a jinkirta kwanciyarta kaɗan kaɗan, ko a rage barcin rana.

A ce kuma yaro ɗan shekara 3 yana bin yayyensa hira har ƙarfe 10 na dare. Ya farka ƙarfe 5. Ya yi awa 7. Da rana ya yi awa 1. Jimla awa 8 ne. Wannan yaro barcinsa bai kai ba, ana bin sa awa 2 ko fiye. Irinsa ne za ka ga yana yawan kuka da rigima da rana. Maganinsa shi ne a kwantar da shi da wuri. Mutane da yawa suna zaton idan yaro ya daɗe bai kwanta ba, zai makara da safe. Sau da yawa ba haka ake gani ba. Lokacin da ya saba zai farka, ga kuma gajiya.

To, kafin a yi maganar agogo, sai a fara yin wannan lissafi na kwana 7. A rubuta lokacin kwanciya da lokacin tashi a littafin rubutu. Wanda ba shi da agogo ya duba wayar hannu, ko ya auna da lokutan salla.

YADDA AKE AIKI DA AGOGON

Masu ba iyaye shawara a kan barcin yara sun fi cewa a fara daga shekara 2 zuwa 3. Kafin nan yaro ba ya gane ƙa'ida. Ga matakan da aka fi bi:

1. A nuna wa yaro agogon da rana, lokacin da yake cikin raha. A canja launin a gabansa. A yi abin kamar wasa. Uwa ta kwanta ta rufe ido idan launin dare ya fito, ta tashi da fara'a idan na safe ya fito. Sai yaro ya kwaikwaya.

2. A fara daga lokacin da yaro ya saba tashi. Idan ƙarfe 5 yake farkawa, a saita agogon ƙarfe 5 da minti 10. Kada a saita shi ƙarfe 7 tun ranar farko. Yaro ɗan shekara 2 ba zai iya jiran awa 2 ba. Zai gaji, ya raina agogon, shi ke nan an yi asara.

3. Idan ya saba, a ƙara minti 10 ko 15 bayan 'yan kwanaki. Haka za a riƙa matsawa har a kai lokacin da ake so. Sannu ba ta hana zuwa.

4. Idan ya tashi kafin launi ya canja, a mai da shi shimfiɗarsa cikin natsuwa. A yi magana ƙasa ƙasa, a taƙaice: "Duba, dare ne. Kwanta, ɗan albarka." Kada a kunna babbar fitila. Kada a fara wasa ko ba da abinci. Idan aka yi haka, yaro zai ɗauka gari ya waye.

5. Idan launi ya canja, a zo wurinsa nan da nan. A buɗe taga, a yi masa fara'a, a yaba masa: "Madalla, ka jira har gari ya waye." Yabo ya fi duka aiki a wurin ƙaramin yaro. Idan launi ya canja amma babu wanda ya kula shi, zai gane alkawarin ba gaskiya ba ne.

6. A riƙa yin haka kullum, har ranar hutu. Kowa a gidan ya bi ƙa'ida ɗaya. Idan uwa ta ce a jira, uba kuma ya ɗauke shi ya fita da shi, yaro zai ruɗe.

7. Fitilar dare ta zama mara ƙarfi. Ja ko ruwan goro sun fi fari da shuɗi dacewa da dare, domin farin haske da shuɗi sun fi rage sinadarin barci.

Akwai kuma wasu yara, yawanci maza, da idonsu ba ya rarrabe ja da kore sosai. Haka aka haife su. Irin waɗannan, hoton rana da tauraro ya fi yi musu amfani.

Ba a ganin sakamako a dare ɗaya. Wani yaro mako 1 ya ishe shi, wani sai ya yi makonni. Wani ma sai an ajiye abin an sake gwadawa bayan ya ƙara wayo.

ABIN DA AGOGON BA ZAI IYA BA

Agogon ba ya sa barci. Alama kawai yake nunawa. Iyaye ne ke ba alamar ma'ana da haƙurinsu da cika alkawarinsu.

Ba a yi shi domin jariri ba. Jariri mai shan nono dole ya farka da dare ya sha, domin cikinsa ƙarami ne. Kada a hana shi nono da sunan koya masa lokaci.

Ba ya maganin ciwo. Idan yaron da ya saba barci lafiya ya fara farkawa yana kuka, a taɓa jikinsa. Idan da zafi, a kai shi asibiti ko ɗakin shan magani a gwada jininsa ko zazzaɓin cizon sauro ne. Idan yana jan kunnensa, wataƙila ciwon kunne ne. Idan yana sosa duburarsa da dare, wataƙila ƙananan tsutsotsin ciki ne, kuma suna da magani. Idan yana minshari mai ƙarfi kullum, ko numfashinsa yana tsayawa cikin barci, a nuna wa ma'aikacin lafiya.

Ba ya maganin yunwa. Yaron da ya kwanta ciki babu komai zai farka da wuri. A tabbata ya ci tuwon dare kafin barci ya kwashe shi.

Kuma a koya wa yaro cewa idan yana jin fitsari, ko ciwo, ko tsoro, ya kira uwarsa ko da wane launi agogon ya nuna. Wannan ƙa'ida ta fi ƙa'idar launi muhimmanci.

MU FA A KARKARA?

Mai karatu zai ce, to mu ina ruwanmu da wannan agogo? Yana da tsada. Ba a samun sa a kasuwar ƙauye. Wasu samfuran ma sai da lantarki dare da rana. Ban da haka, mu masu sammako ne. Da kiran assalatu gida ya tashi. Yaro kuma a ɗakin uwarsa yake kwana.

Gaskiya ne, ba muna cewa kowa ya je ya saya ba. Yaron da ya farka tare da mutanen gida bayan asuba, ba shi da wata matsala. Amma akwai lokaci guda da ya kamata mu kula da shi. Shi ne tsakanin kiran salla na farko da fitowar haske. A wannan lokaci maigida ya tafi masallaci. Uwa tana alwala, ko tana banɗaki, ko tana hura wuta, ko kuwa barci ya ɗauke ta saboda gajiya. Ƙofa a buɗe, tsakar gida da duhu. Yaro mai tafiya yana iya sulalewa ya fita ba wanda ya gani.

Me ke jiran sa a waje? Akwai murhu, da garwashin jiya a ƙarƙashin toka, musamman da hunturu. Akwai tukunyar ruwan zafi ko ta koko a ƙasa. Akwai rijiya marar murfi, da bokiti ko baho cike da ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa yara 'yan shekara 1 zuwa 4 cikin waɗanda nutsewa a ruwa ta fi kashewa. Ruwan bokiti ma ya isa, domin kan ƙaramin yaro yana da nauyi, idan ya faɗa da ka ba ya iya fitowa. Akwai dabbobi a turke. Akwai kunama. Akwai kuma sauro mai kawo zazzaɓi, wanda ke cizo daga faɗuwar rana har wayewar gari. Yaron da ya fita daga gidan sauro da duhu ya bar kariyarsa. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu kamuwa da wannan zazzaɓi, kuma 'yan ƙasa da shekara 5 ne ya fi kashewa.

Saboda haka koya wa yaro ya zauna a shimfiɗarsa har a ba shi alama yana da amfani a wurinmu. Uwa ta samu hutu, yaro kuma ya tsira daga haɗari.

ALAMAR DA BA A SAYA DA KUƊI

Idan muka cire fenti da lantarki, dabarar agogon abu uku ce. Na ɗaya, alama ɗaya da yaro zai gani ko ya ji. Na biyu, alamar ta zo lokaci ɗaya kullum. Na uku, kukan yaro ba shi ne ke kawo ta ba. Duk gidan da ya haɗa waɗannan uku, ya yi agogonsa.

Ga wasu alamu da kowa ke da su:

Tocila ko fitilar sola. A ware guda ɗaya, a rataye ta inda hannun yaro ba ya kai. A gaya masa: "Idan fitilar nan a kashe take, dare ne. Idan Inna ta kunna ta, gari ya waye."

Sallamar maigida. A gaya wa yaro: "Sai Baba ya dawo daga masallaci ya yi sallama, sannan za ka sauko." Yara suna son wannan, domin suna ɗokin tarar ubansu.

Ɗage gidan sauro. A koya masa cewa babba ne kaɗai ke ɗage shi. Muddin yana sake, ana kwance.

Buɗe taga ko ɗage labule, ko kunna rediyo domin labaran safe.

A zaɓi guda ɗaya, a tsaya a kanta. Sannan a bi matakan nan da muka lissafa a sama: a nuna da rana, a fara da jiran minti kaɗan, a ƙara sannu a hankali, a yaba idan ya jira. Ana iya ajiye masa 'yar tsana ko wani abin wasa mai laushi a gefen shimfiɗa, ya riƙa wasa shiru kafin lokaci ya yi.

A gidan da ke da mutane da yawa, sai an haɗa kai. A gaya wa kaka da goggo da abokiyar zama da yayyen yaro. Kaka takan ji tausayin jika, ta ce a bar mata shi. Sai a yi mata bayani cikin ladabi: "Iya, saboda murhu da rijiya ne muke so ya saba." Idan ta gane dalili, ita ce za ta fi kowa tsare ƙa'idar.

A gyara daren ma, domin daga nan safiya ke gyaruwa. Bayan tuwon dare a wanke wa yaro hannu da ƙafa, a kai shi ya yi fitsari, a yi masa tatsuniya ɗaya, a sa shi cikin gidan sauro. A riƙa bin wannan jeri kullum, lokaci ɗaya. Kada a ba shi wayar hannu ya yi kallo a shimfiɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a sa yaron da bai kai shekara 2 ba kallon waya ko talabijin. Daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini. Kada a ba shi shayi mai ganye ko lemon kwalba mai launin baƙi da dare, domin suna da sinadarin da ke kore barci. Da hunturu a rufa shi da kyau, a toshe inda iska ke shigowa. Da rana kuma a bar shi ya yi wasa a waje, ya sha haske, ya gaji.

GARGAƊI

Na ɗaya. Kada a ba yaro wani magani domin ya yi barci, ko na kemis ko na gargajiya, sai da izinin ma'aikacin lafiya. Wasu suna ba yara maganin mura ko na tari don su yi shiru. Wannan yana iya danne numfashin yaro. A shekarar 2018 gwamnatin Nijeriya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin saboda ɓarnar da yake yi.

Na biyu. Kada a bar aci-balbal ko kyandir ko fitilar kananzir a kunne kusa da shimfiɗa. Gidan sauro da katifa suna kama wuta nan take. Kada kuma a rufa ƙyalle a kan fitila mai wuta don a canja mata launi.

Na uku. A kula da ƙananan batura masu kama da maɓallin riga, irin na agogon hannu da ƙananan tocila da kayan wasa. Idan yaro ya haɗiye ɗaya, yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin 'yan awoyi. A garzaya da shi asibiti nan take, kada a jira.

Na huɗu. Alama ba ta maye gurbin tsaro. Yaro yaro ne, wata rana zai manta. A yi wa rijiya murfi mai nauyi. A kife bokiti da baho da dare. A kashe garwashi da ruwa ko a kange murhu. A sa wa ƙofar ɗaki sakata a sama, inda hannunsa ba ya kai. Amma kada a kulle yaro shi kaɗai a ɗaki a tafi.

Na biyar. Kada a doki yaro ko a tsorata shi da dodo saboda ya farka. Tsoro yana ƙara hana barci.

DON TATTAUNAWA A AJI

Muna roƙon malaman azuzuwan manya su karanta wannan bayani tare da ɗalibansu, sannan a amsa waɗannan tambayoyi:

1. Yaro ɗan shekara 3 ya kwanta ƙarfe 8 na dare, ya tashi ƙarfe 6 na safe, ya yi barcin awa 1 da rana. Awa nawa ya yi? Barcinsa ya cika?

2. Waɗanne abubuwa uku ne ke sa alama ta yi aiki?

3. Waɗanne wurare ne masu haɗari ga yaro a tsakar gidanku da asuba? Me za a gyara a wannan mako?

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya ba tukuna. Maigida ya karanta wa iyalinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma da lallashi ake yi. Allah ya raya mana zuri'a, ya tsare su dare da rana. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.